Langaɓun Mutanen Kan Dutse

Tsakanin Bahar Aswad da Tekun Kaspiyan akwai wani yanki mai dogayen duwatsu da ake kira Kaukasus. Ƙasashe uku ne suka raba kudancinsa: Azarbaijan da Jojiya da Armeniya. Dukkansu sun zauna ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet har ta wargaje a 1991, kuma ko an haɗa jama'arsu gaba ɗaya ba za su cika miliyan 20 ba. Kowace da harshenta, kowace da baƙaƙen rubutunta. Mutanen Azarbaijan galibi Musulmi ne, na Jojiya da Armeniya kuwa Kiristoci ne tun ƙarni na 4. Azarbaijan da Armeniya sun gwabza ba sau ɗaya ba, na baya-bayan nan a 2020 da 2023, kuma lokacin da na je yankin iyakar da ke tsakaninsu a rufe take ruf. Amma da zarar sanyi ya shigo, akwai karin kumallo guda da ƙasashen uku suke girmamawa, kowace tana cewa nata ne: ƙafar saniya da ta kwana a kan wuta. Khash suke ce mata. Ɗan garinmu Bakura da ya leƙa kwanon zai ce ai langaɓu ne, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai da sauran bayani.

Ba abinci ne ya kai ni can ba. A watan Nuwamba na 2024 aka yi taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wanda ake kira COP29, a Baku, babban birnin Azarbaijan, sai na bi ayarin wata ƙungiya mai aiki da manoman rani na yankin Bakolori. Labarin taron an riga an sha shi a rediyo: an yi ta ja-in-ja har aka zarce ranar tashi, daga ƙarshe ƙasashe masu hali suka yi alkawarin dala biliyan 300 duk shekara nan da 2035, ƙasashe irin namu suka ce bai taka kara ya karya ba. Wannan na bar wa masanansa. Nawa labarin a gefen taro na tsince shi.

Baku tana bakin Tekun Kaspiyan, a cikin kwari, don tana ƙasa da doron manyan tekunan duniya da wajen mita 28. Man fetur ne ya gina ta. A 1901 kusan rabin man da ake haƙowa a duniya daga nan yake fitowa. Amma baƙo kafin ya lura da dukiyar garin, iska ce za ta fara yi masa sannu da zuwa. Akwai wadda ke tasowa daga arewa, suna kiran ta Khazri, in ta kaɗa sai ka ga manyan mutane sun sunkuyar da kai suna tafiya da gefe. Hunturunmu busasshe ne, ya fasa leɓe da dunduniya, hantsi na yi ya sassauta. Nasu mai laima ne, ya shiga ƙashi ya wuni a ciki. Wanda ya ɗanɗani wannan sanyi ba zai tambayi dalilin da ya sa mutane ke tashi da duhu su nemi romo mai maiƙo ba.

Direban da ke jigilarmu dattijo ne mai furfura, ba ya jin Turanci, ni kuma ba na jin Azarbaijanci ko Rashanci, wayar salula ce ke yi mana tafinta. Muallim yake kirana, haka suke girmama namiji a can. Wata rana da yamma ya ga na ƙudundune a kujerar baya, sai ya yi magana a waya ya miƙo mini: “Muallim, gobe kada ka sa komai a bakinka. Bayan asuba ina ƙofa.”

Wurin da ya kai ni ƙaramin ɗaki ne a wani lungu, sai an sauka matakala ake shiga, tagoginsa sun yi gumi saboda tururi. Gari bai waye ba amma babu kujera ko ɗaya a banza. Maza ne zalla, wasu da rigunan aiki, wasu da kwat. Kafin a kawo romo aka fara cika teburin: gishiri a ɗan kwano, dakakkiyar tafarnuwa a jiƙe cikin ruwan khal, ɗanyun ganyaye, kayan lambu da aka tsima a ruwan gishiri, wata saiwa mai ɗan yaji-yaji da ake yankawa a ci ɗanya, sai burodin tanderu da zafinsa. Daga nan kwano ya iso. Romon garau yake, ruwan ɗorawa-ɗorawa, mai yana yawo a samansa, a tsakiya ga guntun ƙafar sa, fata da jijiya sun saki ƙashi sun yi luguf. Na kurɓa. Babu gishiri ko ƙwaya, babu yaji, babu albasa. Salam.

Dattijon ya ga yadda fuskata ta yi, ya yi dariya, ya jawo kwanona gabansa. Ya barbaɗa gishiri, ya zuba tafarnuwa cokali biyu, ya yayyaga burodi ya tura ciki har ya sha romo, ya mayar mini. Nan take abin ya zama wani abu dabam. Khal ɗin ya yanke maiƙon, tafarnuwa ta tashi har cikin hanci, ɗumi ya sauka daga wuya zuwa ƙafa. Kafin in kai rabi leɓuna sun fara mannewa, yatsuna ma haka. A teburin da ke kusa da mu ana ɗaga ƙananan kofuna na barasar da ake kira vodka, da sassafen nan. Musulmi ne mafi yawansu, amma shekara 70 na mulkin Sobiyet ya bar tabonsa. Mu shayi muka sha, baƙi mai zafi, a cikin ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu da aka san ƙasar da shi.

Na roƙi a nuna mini madafa, aka yarda. Abin da na fara gani manyan robobi ne cike da ruwan sanyi, ƙafafun shanu a ciki, an tsaga kowace gida biyu a tsaye, fari fat, babu gashi ko sili. Mai dafawa ya ce da wutar gas ake babbake su, a kankare, a wanke, sannan su yi wuni da kwana a jiƙe ana sauya musu ruwa a kai a kai har ƙarni da sauran jini su fita. Da daddare yake ɗora tukunya. In ta tafaso sai ya kwashe kumfa tas, ya rage wuta yadda ruwan zai riƙa motsi kawai ba tare da ɓalɓala ba, ya bar ta haka awa takwas ko fiye. Ya sa cokali ya ɗago wata ƙafa, ya ja ƙashin da yatsa biyu, ƙashin ya zare sumul. Ya ce wannan ce shaidar ta nuna. In sai an yi kokawa da ƙashi, to a mayar da murfi.

Abin da ke faruwa a cikin tukunyar ba asiri ba ne. Ƙafar saniya ba ta da tsoka ta a zo a gani. Fata ce da jijiya da guringuntsi da ɓargo. Waɗannan ba sa jin wuta mai gaggawa, amma in aka daɗe ana dafa su a hankali sai su narke su koma danƙo a cikin ruwan. Shi ne ke manne leɓe, shi ne kuma ke sa ragowar romo ya daskare in ya huce, har a yanka shi da wuƙa. Ma'ana, wannan abinci ne na wanda yake da lokaci fiye da kuɗi. Mai hali ya sayi cinya ya gasa nan take. Wanda aka bar wa ƙafa sai ya biya da dare guda.

A daren nan na kira Gwaggona a Bakura. Ta yi shekaru tana langaɓun sayarwa a cikin gida, tun muna yara mu ne masu riƙe mata fitila. Na kwashe labari na ba ta. Ta yi shiru, sannan ta ce: “Mi kac ce? Ba gishiri, ba tonka, ba daddawa? Ɗan nan, wanga ai romon majinyata na. Allah shi maishe ka gida lahiya, in dahwa maka na ƙwarai.”

Nata tsarin na san shi ciki da bai. Da la'asar yaro zai karɓo ƙafafu daga wurin mahauta. A babbake da karan dawa, a buge kofato ya fita tun da zafinsa, a kankare da wuƙa har baƙin ya tafi ya bar fata ja-ja mai ƙamshin hayaƙi, a sassara da gatari. Sai tukunya: citta, kanumfari, masoro, kimba, daddawa, albasa, tafarnuwa, barkono, da ɗan ƙullin kanwa don ta taimaka wa wuta. Bayan isha'i ta tura gungume guda a murhu ta rufe da toka-toka, ta kwanta. Kafin a fito masallacin asuba yara sun yi layi a zaure da kwanoninsu, wani za a ci da masa, wani da burodi. A wurinmu ɗanɗano na mai dafawa ne, shi ya sa ake cewa langaɓun gidan wance ya fi na gidan wance. A Baku mai dafawa ba ya ba ka komai sai tsafta da haƙuri. Ɗanɗano kai za ka haɗa abinka. Su ba su san kanwa a tukunya ba, mu kuma ba mu san doguwar jiƙa ba.

Da aka tashi taro na wuce Tibilisi, babban birnin Jojiya. Ta sama na bi, tafiyar kamar awa guda, don tun zamanin korona a 2020 Azarbaijan ta rufe iyakokinta na ƙasa ga matafiya. Garin yana zaune a kwazazzabo, kogin Kura ya raba shi biyu kafin ya gangara Azarbaijan ya faɗa Tekun Kaspiyan. Na tarar ana zaman ɗar-ɗar bayan zaɓen 26 ga Oktoba, ana taruwa gaban majalisa a titin Rustaveli, don haka na fi zama a tsohon gari. Can ne unguwar Abanotubani, inda ruwan zafi mai warin farar wuta ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, aka gina ɗakunan wanka masu ƙubba a kansa. A saman unguwar akwai masallacin Juma'a na jan bulo, inda 'yan Sunna da 'yan Shi'a suke salla a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai babbar kasuwa da ake kira Dezerter. Layin 'yan nama a can ya ɗauke mini hankali. An jera ƙafafun shanu reras, an ninke tumbi an ɗora wani kan wani, an wanke shi har ya yi haske, saƙar zumarsa ta fito raɗau. Amma a rumfa ta gaba naman alade ne a rataye, don haka Musulmi a Jojiya sai ya tambaya kafin ya ci. Wani da muka yi salla tare ya kai ni wurin wani Musulmi, cikin Azarbaijanawan da suka daɗe a ƙasar, a can na ci nasu. Su khashi suke cewa, kuma tumbi ne ya fi yawa a ciki, tare da ƙafa. Wasu har madara suke zubawa a tukunyar, romon ya yi fari ya yi laushi a baki. Tafarnuwa dai tana nan, gishiri yana gefe, ga dogon burodinsu na tanderu mai tsini a baki biyu da ake kira shoti. A Tibilisi sunan khashi ya fi fita da abu biyu: wartsakar da wanda ya kwana yana sha, da ɗora wanda ya karye. Shi ya sa da asuba teburi ɗaya kan haɗa lebura mai shirin fita aiki da mashayin da bai riga ya koma gida ba.

Armeniya ban taka ta ba, amma ita ta same ni a Tibilisi. A ƙetaren kogi akwai unguwar Avlabari, tsohuwar unguwar Armeniyawa, a can na yi hira da wani tsoho da ya yi ritaya daga tuƙin babbar mota. Da ya ji na ci khash a Baku na kuma ci a Tibilisi, sai ya kaɗa kai ya ce to saura in ga na asali. Ya ce malamansu sun ambaci wannan abinci a rubuce tun da daɗewa, ciki har da likitan nan Mkhitar Heratsi na ƙarni na 12, wanda ya yi littafi kan zazzaɓi. Ya kuma ba ni labarin da suke ba 'ya'yansu: wai masu dukiya ne ke yanka su kwashe tsoka su jefa wa talakawa ƙafa da tumbi, talakawa su kwana suna dafawa su cinye da duhu, har ranar da ƙamshi ya kai hancin masu gidan. Ko haka aka yi ko ba haka ba, yau a Yerevan, babban birninsu, babban mutum yakan gayyaci abokansa cin khash, kuma gayyata ce ta girmamawa.

Dokokinsa ne suka fi burge ni. Ba a cin sa sai a watannin da ke da harafin “r” a sunansu, wato daga Satumba zuwa Afrilu a lissafinsu. Mai marmari a lokacin zafi sai ya hau dutsen Aragats, mai tsawon mita 4,090, inda sanyi ba ya ƙarewa, a can kusa da tafkin Kari ana sayarwa. Ba a cin sa da rana ko da dare. Ba a cin sa mutum ɗaya. Ba a sa wani muhimmin aiki a bayansa, don barci ne ke biyo shi. Gurasarsu mai faɗi, siririya, wadda ake kira lavash, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014, ita ake busarwa a marmasa cikin romon har ya yi kauri kamar fura ta ji dama, cokali ya tsaya a ciki. Sai a tsame naman a ajiye gefe a rufe da ɗanyar gurasa kada ya huce, a rufe kwanon ma da wata, a ɗaga gefe ɗaya ana ɗiba da hannu. Mutanen nan sun shahara da dogon jawabi a kan teburi, amma ban da ranar khash: gajeren fatan alheri uku, na gaisuwar safiya, na masu dafawa, na masu ci, shi ke nan, kada romo ya huce. Ya ce a da zaman maza ne zalla, har suna da zancen cewa khash ba ya son mata a teburi, amma yanzu 'ya'yansa mata sun fi shi ci.

In aka fita daga Kaukasus ma tukunyar ba ta ƙare ba. A Iran kan tunkiya da ƙafafunta ake dafawa, kalle pache, shagunansa kan buɗe tun kafin asuba, mai saye ya zaɓi abin da yake so, harshe ko kunci ko ƙwaƙwalwa ko ido, a barbaɗa kirfa a matsa lemun tsami. A Istanbul, inda na sauya jirgi, akwai kelle paca na kai da ƙafa, akwai kuma ishkembe, miyar tumbi da ake sha da tsakar dare da tafarnuwa da khal. Iraƙawa suna da pacha, Misirawa da Sudaniyawa suna da kawari', Indiya da Pakistan suna da paya. A gida Nijeriya ma ga bokoto a ƙasar Yarabawa, ga nkwobi da isi ewu a ƙasar Ibo. Duk inda aka yi kiwo aka yi yanka, an san ba a zubar da ƙafa. Bambancin yana ga matsayin da kowace al'umma ta ba abin.

A nan ne tsohon Avlabari ya tambaye ni: ku fa, kuna da ranarsa? Na ce muna da ita, har biyu. Ta farko Babbar Salla. A ƙasarmu ta Zamfara da Sakkwato ana feɗe ragon layya a baje shi a kan itace a kewaye wuta da shi ya gasu a tsaye, kayan ciki a soya, kai da ƙafa kuwa a babbake, su ne ke kwana a tukunya su zama karin kumallon gida. Ta biyu ita ce ƙauri. Kwana uku ko huɗu da haihuwa, kafin suna, maigida zai sayo ƙafafun sa, wani ya haɗa da kai, mata su taru su dafa da kayan yaji masu yawa, maijego ta ci ta sha romo don jikinta ya dawo, nono ya kawo, sannan a rarraba kwano-kwano zuwa gidajen dangi da maƙwabta. Wanda aka kai wa ƙauri ya san an haihu lafiya kuma an tuna da shi. Wanda aka tsallake yakan riƙe a zuci. Tsohon ya yi ta mamaki. Abin da su suka mayar zaman maza da sassafe, mu mun mayar da shi hakkin mace mai jego. Kuma kamar yadda suke ba wanda ya karye, mu ma masu ɗori kan ce a yawaita wa mai karaya romon ƙafa. Likitoci dai, a can da nan, suna jan kunnen masu hawan jini da ciwon zuciya kan maiƙo da gishirin da ke tare da shi.

Tun a jirgi nake lissafin abin da wannan tukunya take buƙata: saniya, makamashi, da dare mai kwanciyar hankali. A Baku gas ne ke ci har safe ba mai tashi ya duba. A Bakura ukun nan duka sun yi tsada. Shanu su ne abin da ɓarayin daji suka fara kwashewa tun farkon fitinarsu, garken da ke kwana a bayan gari a da, yau sai labari. A 2021 gwamnatin jihar Zamfara ta kai ga rufe kasuwannin mako-mako da hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. A lokacin har kasuwar Talata Mafara, wadda duk yankin ke dogaro da ita ranar Talata, ta yi tsit. An buɗe daga baya, amma mahaucin da ke kayar da sa a da, yau sau da yawa sai sun haɗa kuɗi su biyu ko uku, ƙafa huɗu kuma ba ta isar masu jira. Itace ma sai an yi nisa cikin daji, dajin kuma ba ya shiguwa yadda aka saba. Na ga gidajen da aka haihu aka yi ƙauri da kan akuya, na ga inda aka ba maijego kuɗin kaza aka ce ta yi haƙuri. Ba rowa ba ce, hali ne.

Tsadar itace ta jawo wata matsalar da ta fi damuna tun da na ga ƙafafun kasuwar Dezerter. A kwatocin garuruwanmu da dama yanzu da tsohuwar taya da tarkacen roba ake babbakar kai da ƙafa da ganda. Wutar taya tana da arha tana da ƙarfi, amma hayaƙinta guba ne, yana kama fata, kuma fatar ita ce abin da ake ci. Mu da muke dafa abin da yaji mai yawa ba ma jin warin. Romon da babu komai a cikinsa sai ruwa ba ya ɓoye ƙazanta. Da an babbake da taya, kurɓar farko za ta tona asiri. Ina ganin wannan ne ya tilasta musu tsaftar da na gani. Mu da muke da karan dawa da na gero da ɓuntun shinkafar Bakolori tuli bayan girbi, bai kamata a ce abincin maijego ya bi ta kan wutar taya ba. Magana ce da sarakunan fawa da ma'aikatan duba-gari za su iya kashewa a zama ɗaya, in masu saye suka fara tambaya kafin su miƙa kuɗi.

Da na dawo, hunturu ya kankama, sai na ce bari in gwada wa abokan majalisarmu irin na can. Na sayi ƙafafu, na tsaya a kai aka babbake da kara, na kai wa Gwaggo na roƙe ta ta jiƙa su wuni da kwana, ta dafa ba gishiri ba kanwa. Ta yi mita amma ta yi. Na aika wa kowa cewa kada ya karya a gida. Bayan asuba muka shimfiɗa tabarma a zaure, ga gishiri, ga tafarnuwa da lemun tsami a madadin khal, ga burodi. Malamin makarantar da ke cikinmu ya kurɓa ya ajiye ludayi ya ce, “Malam, wannan ai ba a gama ba.” Kafin in yi bayani wani ya riga ya aika yaro gida ya ɗauko kwalbar yaji. Aka zuba, aka cinye tas, har ana rigimar ɓargo.

Hukuncin majalisa bai ɗauki lokaci ba. Romo marar yaji a bar wa masu shi. Amma zaman ya yi, don rabon da mu haɗu da safe haka ba a kan gaisuwar mutuwa ko jajen sata ba, an daɗe. Aka yanke cewa duk Juma'ar farko ta wata, muddin ana sanyi, mutum ɗaya zai sayi ƙafa, a bi layi, kuma in matar wani a cikinmu ta haihu, ƙaurinta na wuyan majalisa. Gwaggo kuwa ta ɗauki abu guda daga mutanen kan dutse: yanzu tana jiƙa ƙafa ta kwana kafin ta ɗora, ta ce ƙarni ya fi fita, ta kuma rage kanwa. Da na ce to ko za ta gwada rage barkono ma, cewa ta yi in je in tambayi masu layi a zaure, in sun yarda ita ma ta yarda.